Malamin Aji Huɗu da Ake Kira Kawu Na-Sani

Ranar da ta fara ganinsa faɗa suka yi. Shekarunta ashirin da ɗaya a lokacin, tana ɗinki a shagon gwaggonta kusa da tashar mota, ɗan ƙaramin shago mai keke biyu da madubi ɗaya da ya tsage daga kusurwa. Sai ga wani siririn saurayi mai dogon wuya ya shigo da yadi a hammata, alli ya yi masa fari a gefen wando. Ya gaishe da gwaggo har da rusunawa, ya shimfiɗa yadin a kan tebur, ya ce riga yake so, amma hannun dama ya fi na hagu tsawo da inci biyar, aljihu kuma a baya.

Ta ɗago kai ta dube shi. "A baya?"

"A baya. Daidai inda hannu ba zai kai ba."

"Malam, in wasa ka zo yi, ga tasha can, akwai masu lokaci."

"Ai kuwa wasan na zo yi," in ji shi, ko murmushi bai yi ba.

Ya yi bayani cewa shi malamin aji huɗu ne a firamaren da ke bayan asibiti, kuma za su yi wasan kwaikwayo ranar rufe makaranta. Shi zai fito a matsayin Kawu Na-Sani, wani mutum da bai taɓa cewa bai san abu ba, har rigarsa ma da kansa ya ɗinka. Ta ce ita fa ba za ta ɓata sunanta ba, mutane za su tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Ya ce zai ce shi ne. Ta ce to ya ɗinka mana, ga keke nan. Gwaggo da ke guga a gefe ta yi dariya har sai da ta ajiye dutsen gugar, sannan ta ce, "Ke, karɓi aikin mutane."

Ta ɗinka rigar tana ƙunƙuni, amma hannunta bai iya ha'inci ba, kowane layi ya miƙe sak. Da ya zo karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce bai taɓa ganin ɓarna mai kyau irin wannan ba.

Gwaggo ce ta ja ta zuwa kallon wasan. An haɗa tebura a filin makaranta an yi dandamali, an rataya zanen gado biyu a igiya a madadin labule. Da aka ja zanen, ta nemi siririn malamin nan ta rasa. Wani ƙaton mutum ne ya fito, ciki a gaba, hula a karkace, yana tafiya kamar shi ya gina garin. Yaran da ke wasan suka kawo masa rediyon da ya lalace, kafin su rufe baki ya daka tsawa, "Na sani!" Ya kwance rediyon kaf, ya mayar, ya rage masa ƙusoshi bakwai a hannu, ya ce masu ƙera shi ne suka yi almubazzaranci. Da ya tashi ajiye ƙusoshin a aljihu, sai ya yi ta juyi yana bin bayansa kamar kyanwa mai bin wutsiyarta. Ta yi dariya har hawaye, ta manta da cewa ita ce ta ɗinka aljihun.

Bayan kwana uku ya dawo shago, wai maɓallin rigarsa ya fita. Gwaggo ta karɓa ta duba ta ce, "Ɗana, wannan maɓalli ba fita ya yi ba, reza ce ta cire shi." Ya yi tsuru-tsuru, wanda ya cika filin makaranta da murya ya kasa haɗa kalma biyu. Shekara na zagayowa aka yi aurensu. Tun daga nan yake kiranta Mai Keke, ita kuwa har ya bar duniya ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam.

Ɗaki biyu suka kama a ƙarshen wani lungu, famfo ɗaya a tsakar gida na mutane shida. Kekenta na jikin taga, teburinsa na jikin ƙofa, tulin littattafan yara a kai kullum. In ya gama maki da la'asar sai ya miƙo mata takardar wasa ya ce ta karanta masa maganar sauran mutanen, shi ya riƙa ba da amsa. Ita a aji shida ta tsaya, karatunta da tuntuɓe yake, amma bai taɓa nuna ya lura ba. Yakan jira ta kai ƙarshen layi ko da za ta yi minti guda. A haka, tana taka keke da ƙafa, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan takarda, bakinta ya faɗa da karatu ba tare da ta san yaushe ba.

Sau ɗaya ta taɓa ganinsa a cikin aji. Ya manta tabaraunsa a gida, ta bi shi da shi, ta tsaya a bakin taga. An ture bencina gefe. Wata yarinya mai jan ɗankwali na tsaye a tsakiya, wai ita ce rana, Malam kuma ya zama duniya, yana zagaya ta yana juyi a kan ƙafa ɗaya, yana haki, yara na ihun "Dare!" in ya ba ta baya, "Safiya!" in ya fuskance ta. Da aka natsa, wata ƙarama a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa wata yake binta duk inda ta je. Malam ya daina juyi ya dube ta.

"Tambayar nan ta fi ƙarfina yau," ya ce. "Ina da rabin amsa, amma rabin amsa ba ta da amfani. Gobe zan kawo miki cikakkiya. Ku tafa mata."

Da ya dawo gida Mai Keke ta tare shi. "Malam, gaban yara ka ce ba ka sani ba? Ai sai su raina ka."

"In na yi musu ƙarya su gano, ranar ce za su raina ni. Ina abincin? Zan je wurin malamin kimiyya na sakandare kafin ya bar ofis."

Ya ci a tsaye, ya hau kekensa ya tafi. Daga baya ta ji cewa dokar ajinsa ke nan, duk wanda ya ce bai gane ba, tafi ake yi masa.

A shekararsu ta biyar mahaifin wani ɗalibi, wanda ke aiki a gidan talabijin, ya ga wasan rufe makaranta, ya biyo Malam har gida. Haka Kawu Na-Sani ya fita daga filin firamare ya shiga akwatin kowane gida. Ranar Asabar ake ɗauka, don Malam ya ce ba zai ba da ko awa ɗaya daga lokacin aji ba. Aka haɗa shi da wani ma'aikacin gidan waya da ake kira Dogo, shi ne maƙwabcin Kawu da kullum kayansa ke lalacewa a hannun gwani. Kawu ya gyara famfo gida ya cika da ruwa. Kawu ya yi wa akuya allura ta haye rufi. Kawu ya raka baƙo tasha su biyun suka ɓata. Kafin shekara ta ƙare, in Malam ya ratsa kasuwa sai mahauta da masu tumatir su ɗauka gaba ɗaya, "Na sani!" Shi kuwa ya ɗaga hannu ya wuce, kunya kamar ta kashe shi.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Yayansa, wanda magatakarda ne a kotu, ya zo takanas ya zauna a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ya ce mutum da iliminsa ya mai da kansa abin dariya, su ba a san su da haka ba. Malam ya saurara kai a sunkuye, ya ce, "Na ji, Yaya," ya raka shi har bakin titi. Asabar na zuwa ya ɗauki jakarsa ya tafi wurin ɗauka. Wasu iyaye kuma suka kai ƙara wurin hedimasta, wai yaya za a yi yaro ya ji tsoron malamin da ya ga akuya ta tunkuye shi jiya. Hedimasta ya buɗe musu rajistar sakamakon aji huɗu na shekara uku, ya ce su nuna masa inda akuyar ta yi ɓarna.

Shi ma Malam ya san da matsalar, ya kuma samo mata magani. Duk ranar farko ta sabuwar shekara, yana shiga aji yara za su fashe da dariya. Sai ya bar su. Ya turo ciki, ya yi musu tafiyar Kawu daga ƙofa zuwa allo sau ɗaya, ya daka tsawar nan sau ɗaya, su yi dariya har su gaji. Sannan ya miƙe tsaye ya ce, "To, Kawu ya tafi gida, sai Asabar. Ku buɗe shafi na ɗaya." Daga nan ba mai sake ambatonsa har ƙarshen zango.

Wanda ya fi taɓa shi kukan babbar 'yarsu ne. Tana da shekara goma sha biyu ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka ta ce ba za ta koma ba, ana ce mata 'yar wawa. Mai Keke ta so ta je ta yi wa iyayen yaran tatas, Malam ya hana. Bai yi wa yarinyar wa'azi ba, ya ce kawai ta shirya ranar Asabar za ta raka shi. Suka wuni can. Ta ga yadda ake maimaita faɗuwa ɗaya sau goma sha biyu a ƙarƙashin fitilu masu zafi, ta ga mahaifinta na gyara wa marubucin wasan jimla, ta ga mai kyamara da mai shirya wasan duk suna miƙewa in zai wuce suna cewa, "Sannu, Malam." Da suka dawo ta samu uwarta a kicin ta ce, "Umma, ashe aiki ne." Litinin ta ɗauki jakarta ba wanda ya ce mata ƙala.

Suna da shekara ashirin da biyu da aure wani kamfanin fim daga babban birni, tafiyar yini guda a mota, ya aiko a kira shi. Ba Asabar kawai suke so ba, gaba ɗaya suke son sa. Malam ya riƙe wasiƙar mako guda yana jujjuyawa. Mai Keke ce ta tura shi, kuma ba ta taɓa musun haka ba.

"Malam, dubi ɗakin nan," ta ce. "Yara huɗu, 'yan mata sun girma, har yanzu layin famfo muke bi da safe. Alli ya cinye maka ƙirji, tari kake yi kamar tsoho. Ka koyar da 'ya'yan mutane shekara ashirin da wani abu. Allah ya buɗe ƙofa, ka tsaya kana leƙe?"

Ya nemi hutun zango ɗaya aka ba shi, ta goge masa kaya ta jera a akwati, ya tafi. Wasiƙunsa na farko cike suke da labarin manyan fitilu da motar da ke zuwa ɗaukarsa. Sai suka fara gajarcewa. Mako bakwai cif, wata rana da azahar tana kalmasa bakin zane, ta ji sallamarsa a ƙofa, ga shi da akwati a hannu.

"Korar ka suka yi?"

"A'a. Na gama nawa. Sun ce in tsaya a yi wasu uku, na ce su yi haƙuri."

Ya zauna a bakin gado ya ba ta labari. Jarumin fim ɗin, wani ƙosasshen mutum da mata ke tsayawa kallo a titi, kullum sai ya ce idonsa na ciwo, wani ya karanta masa nasa layin. Malam ya lura cewa in mutumin ya riƙe takarda ƙwayar idonsa ba ta motsi. Ya ja shi gefe lokacin cin abinci, bayan janareta inda ba mai jin su, ya tambaye shi a hankali ko ya iya karatu. Mutumin ya so ya yi fushi, sai kuma ya faɗa masa gaskiya. Daga ranar kullum suna bayan janareta, Malam na rubuta masa baƙaƙe a bayan takardar wasa. A mako na shida ya karanta layi guda da kansa daga farko har ƙarshe, sannan ya ja hula ya rufe fuska.

"Mai Keke, sai na kama kaina," in ji Malam. "Tun safe agogo nake dubawa. Ba kyamara nake jira ba, lokacin cin abinci nake jira. Na ce to me nake yi a nan, alhali ga yara arba'in can na bar wa wani?"

Ba ta ga abin burgewa a labarin ba a ranar. Ta ce, "Kai ka samu abin da ranka ke so. Mu fa?" Ya tashi ya fara kwashe kayansa daga akwati. Mako biyu daga gaisuwa ba ta ƙara masa ko kalma. Abin da ta riƙe masa na alheri shi ne bai yi ƙoƙarin ba ta dariya ba, alhali ya san da ya turo ciki sau ɗaya shi ke nan. Ya bar ta da fushinta, domin ya san tana da gaskiya.

Sai dai bai zauna haka ba. Ya ɗauki rigunan makaranta guda uku da ta ɗinka wa 'ya'yansu, ya sa a leda, kullum in an tashi ya hau keke ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke jin nauyin roƙon gishiri a maƙwabta ya riƙa tsayawa gaban hedimastoci yana juya musu ɗinki ciki da waje. Wasu don Kawu suka saurare shi, amma ɗinkin ne ya sa suka amsa. Makaranta biyu suka ba ta aikin yunifom, daga baya suka zama biyar. Ta kama shago, ta ɗauki mata uku. Bayan shekara huɗu suka koma gida mai tsakar gida nasu su kaɗai, da baranda, da famfon da ba mai bin layi. Ranar da suka tare ta buɗe famfon ta bar shi yana zuba tana kallo, har sai da Malam ya ce, "Hajiya Mai Keke, a tausaya wa ruwan."

Ya yi ritaya yana malamin aji huɗu. Sau biyu ana ba shi hedimasta yana ƙi, ya ce ofis ba shi da allo. Shirin Kawu ma ya tsaya bayan shekara ashirin da shida, shi da Dogo suka ce gwiwoyinsu ba sa ɗaukar faɗuwa kuma.

Shekara uku da ritayar, wata safiya suna karin kumallo, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ta ɗago za ta yi masa tsiya, sai ta ga bakinsa ya karkace, yana kallonta yana son magana ba ta fita. Kwana goma sha biyu suka yi a asibiti. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana kuma sai abin da Allah ya yi, a dai yi ta gwadawa.

Da suka dawo gida Malam ya juya fuska bango. Dogo ya zo, ya yi masa alama da hannun hagu a ce yana barci. Tsofaffin ɗalibai suka zo, haka. In aka maimaita tsohon shirinsu a talabijin ɗin maƙwabta ya jiyo muryarsa, sai ya ja bargo ya rufe kai. 'Ya'yan suka riƙa lallashinsa, "Baba, ce ruwa. Baba, ce Umma." Ya rufe ido. Mai Keke ta ce su ƙyale shi, mutumin da ya koya wa rabin gari karatu ba zai so a mai da shi ɗan aji ɗaya ba. Ta bar wa matan shago aiki, ta sa aka dawo mata da tsohon kekenta gida, ta kafa shi a ɗakinsa jikin taga. Ba ta ce masa komai, ɗinki kawai take yi, don kada ɗakin ya yi shiru.

Wata biyu a haka. Wata rana da hantsi zare ya cukurkuɗe mata a kwarkwaron keke, ta ja ya ƙi, ta buɗe ta hura ya ƙi. Cikin haushi ta ce, "Oh ni, yau wa zai san kan wannan abu?" Ba da niyya ta faɗa ba. Maganar Dogo ce a wasan, wadda ta karanta wa Malam ba adadi har ta zauna mata a baki.

Daga kan gado ta ji wata murya, a shaƙe, a karkace.

"Na… sa… ni."

Hannunta ya tsaya a kan keken. Ba ta juya ba, ta san in ta juya ta ɓata komai. Ta kawo layi na gaba kamar yadda yake a takarda.

"Kawu, ka taɓa gyara irinsa kuwa?"

Ta jira har ta fid da rai. Sai ta ji, "Sau… ɗa… ri."

Nan ta kifa kai a kan keken ta yi kukan da ta riƙe wata biyu. Da ta juyo, shi dariya yake yi da rabin baki, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Ranar ta sa autansu ya sauko da akwatin tsofaffin takardun wasa daga saman kabad. Likita ta ce hakan na faruwa, abin da mutum ya haddace yakan riga sauran magana dawowa, su ci gaba. Suka ci gaba. Kullum da hantsi ita ce Dogo, ita ce matar Dogo, ita ce mai akuya. Bayan mako uku ta aika wa Dogon gaske ya zo ya karɓi aikinsa, ta ce ta gaji da yin muryar ƙato. Ya zo da sandarsa, tsofaffi biyu suka zauna a baranda suna gyara rediyon da babu shi. Daga maganar Kawu, Malam ya fara tsinto tasa. Ba ta dawo duka ba, wajen rabi ce, kuma a hankali take fita kamar mai hawa tudu. Ya koyi rubutu da hagu, ya ce yanzu ya gane abin da 'yan aji ɗaya ke sha.

Maƙwabciyarsu nas ce, tana da tagwaye mata da karatu ya gagara, har an ce za a maimaita musu aji. Ta zo tana kuka da su wurin Mai Keke, Malam na ji daga baranda. Ya sa aka kira yaran. Bai ce zai koya musu ba. Ya ce musu shi ne idonsa ke gajiya, ga littafin labari yana so ya ji ƙarshensa, ko za su taimaka wa tsoho? Suka zo suna jin kansu manya. In ɗaya ta yi tuntuɓe sai ya ƙwanƙwasa sanda a ƙasa sau ɗaya, ya ce, "Ban… ji ba. Sake." Kafin zango ya ƙare tagwayen suna rige-rigen shafi. Labari ya bazu a layin, yara suka zama shida, suka zama goma sha huɗu, kullum ƙarfe huɗu baranda ta cika da takalma. Shekara shida ana haka.

Ranar da zai tafi ma sai da aka yi karatun. Yara suka watse, ya ce mata zai ɗan kishingiɗa, ta kawo masa ruwa. Kafin ta dawo da kofin ya riga ya cika, hannunsa na hagu a kan littafin. Mutanen da suka zo sun toshe layin har bakin titi. Wasu na cewa Kawu ya rasu, wasu na cewa Malam, kowa da wanda ya sani. Yayansa, wanda tsufa ya sa sai an riƙe shi, ya kama hannun Mai Keke ya ce mata babu shirin da ya taɓa wuce shi, a ɗaki yake rufe ƙofa ya kalla.

Ta ɗauka karatun baranda ya ƙare ke nan. Mako uku ba wanda ya zo. Sai wata la'asar ta ji motsi, ta leƙo ta ga tagwayen, waɗanda yanzu suna sakandare, sun jera ƙanana a benci, sun buɗe littafi, suna kallon ƙofarta. Sannan ta ce su taya ta fito da keke.

Bayan wata biyu wani mutum ya yi sallama, furfura ta fara masa a gemu, baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Ya ce shi makaniki ne, a wani gari yake aiki, sai yanzu labari ya kai masa. Ya zauna a bakin baranda ya yi ta'aziyya, sannan ya ce akwai abin da yake so ta sani.

"Mama, ina aji huɗu aka fasa gilashin taga, aka ce ni ne. Na rantse, Malam bai yarda ba, don dama ni ne shugaban marasa ji. Ya sa ni sharar aji mako guda. Washegari wanda ya fasa ya tona kansa. Wallahi Malam ya tsaya gaban allo ya ce, 'Jiya na zalunci wannan yaro, ina roƙonsa ya yafe mini.' Ya karɓi tsintsiyar daga hannuna. Mako guda shi ke share ajin, muna zaune muna kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tun daga ranar ban sake yi wa kowa ƙarya a kan aiki ba. In ban gano ciwon mota ba, sai in ce wa mai ita ban gano ba."

Mai Keke ta riƙe haɓa. "Shekara talatin da tara muna tare, ka ga bai taɓa gaya mini ba."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin, ɗana. Na gode da ka zo."

Ƙarfe huɗu ta yi suna zaune, yara suka fara shigowa suna cire takalma, kowa ya gaishe ta ya nemi wuri. Makanikin ya matsa gefe yana kallo. Wata 'yar ƙarama ta buɗe littafi ta kwasa da gudu, tana haɗiye rabin kalmomin. Mai Keke ta dakatar da keke.

"Ke, wa ya biyo ki? Koma farkon layi, a hankali."

Yarinyar ta koma. Makanikin ya saurara har ta kai ƙarshen shafi, sannan ya sunkuyo ya ce ƙanwarsa na nan unguwar gaba, tana da yarinya 'yar shekara takwas da har yanzu ba ta haɗa baƙi, ko za a karɓe ta.

"A kawo ta gobe. Sai dai ka ga bencin ya cika, a ƙasa za ta zauna."

Ya miƙe ya auna barandar da taku, daga bango zuwa bango, ya ce akwai ragowar ƙarfe da katako a garejin abokinsa. Kafin ya koma garinsu ranar Lahadi zai kawo benci biyu.